Wanda Ya Tura Ƙanena Cikin Bututu

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Na sayo inji. Daga yau inji ne zai riƙa shiga bututu, ƙaninki ko leƙawa ba zai ƙara yi ba. In kika ji ya shiga, ki tofa mini yawu a fuska, ba zan share ba."

Manaja, maganarka ce wannan, ban ƙara mata ko wasali ba. Bara ka faɗe ta a barandar asibiti, hannunka a ƙirji, likita bai gama juya baya ba. Yawun kuwa ka bar shi, ba zan ɓata abina a fuskarka ba. Na ajiye maganar a nan sama ne don duk mai karanta wannan ta'aziyya ya fara cin karo da ita. Zauna tukuna, zan dawo kanka. Da ɗan'uwana zan fara.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, wanda abokan aikinsa da masu gidajen da ya yi wa aiki suka sani da Allura. Ya rasu a asibiti da tiyo a maƙogwaronsa, na'ura tana hura masa iskar da huhunsa ya kasa jawowa. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Sana'arsa wanke bututun iska na gidaje da gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙuruciyarsa duka a tsabtace iskar da wasu ke shaƙa ta ƙare.

Ƙanena, ni na goya ka, kuma tun kana bayana na san ba za ka yi nauyi ba. Ummanmu ta yi ta ɗura maka abinci har ta haƙura. Ka tashi kamar tsinken sakace, ni kuwa na kwashe rabona na haɗa da naka. Kana cewa, "Yaya, ke ko ƙofar gareji sai kin shiga a karkace." Ni in ce maka in iska ta taso ka rungumi fitilar titi kada mu nemo ka a wata unguwa. Haka muka yi ta yi har furfura ta fara fito mini, babu wanda ya ci wani.

Da ka shiga wannan sana'a sai ramar ta zama jari. Wanda bai san aikin ba, bari in gaya masa yadda ka gaya mini. Manyan gidaje ba su da esi ɗaki-ɗaki. Injin sanyi guda ne, a bayan gida ko a kan rufi, sai bututun kwano ya ɗauko iskar ya bi cikin silin yana rarraba ta, kowane ɗaki da bakinsa da ragarsa. Shekara ta bi shekara, ƙura tana kwanciya a ciki, da gashi, da fumfuna, da kashin ɓera, da fukafukan kyankyasai, masu gida suna shaƙa suna cewa ai sanyi ne ke sa su atishawa. Ƙananan bututu da dogon buroshi ake wanke su. Babban kuwa, wanda kuke kira uwar bututu, sai mutum ya shiga da rarrafen ciki, tocila a baki, tsumma a hannu. Sauran ma'aikata kafaɗunsu ba sa wucewa. Kai kana zurawa kamar zare ya sami rami. Daga nan suka sa maka Allura, ka amsa, har Umma ta koma kiran ka da shi.

Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, rayuwata a tsakanin kantocin littattafai ta tafi. Na yi iya ƙoƙarina in sa ka son karatu. Duk littafin da na ba ka, sai in same shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Amma ranar da esin ɗakin jaridu ya fara zubar da ruwa a kan tsofaffin mujallu, kai na kira. Ka zo, ka ɗaga kai ka dube shi, ka ce, "Ba lalacewa ya yi ba, Yaya, mura yake yi." Tiyon da ke fitar da ruwa ne ya toshe. Ka buɗe shi, ka zaro filta biyu da suka koma kamar bargo, ka riƙe su a gaban fuskata ka ce, "Ke mai karanta littafi dubu, ba ki taɓa karanta wannan ba?" Na ce maka ba a koyar da shi a makaranta. Ka ce shi ya sa kuke tari.

Tun daga ranar ka ɗaura ɗamarar koya mini. Filta a cire ta a wanke a bakin famfo, a shanya a inuwa, kada a mayar da ita da danshi. Kada a kai sanyi ƙarshe sannan a ja bargo, wannan wahalar da inji ne da wahalar da kai. Injin waje a bar masa fili ya yi numfashi. Sau nawa ka zo gidana ka tarar na baza zannuwa a kansa? "Yaya, wannan ba igiyar shanya ba ce, bawan Allah ne yana aiki." Ka kwashe kayan ka ninke, ka zauna ka sha shayi, ka tafi ba ka karɓi ko sisi ba. Jiya na cire filtar ɗakina na wanke yadda ka ce. Na daɗe a tsaye a bakin famfon.

Lokacin ciwon ajalin Umma, zafi yana hana ta sakat, ba mu da halin sabon esi. Ka bi shaguna ka tsinto matattu uku, ka ciro zuciyar wannan, ka ɗauko fankar wancan, ka haɗa guda mai rai. Murfinsa fari, ƙasansa ruwan toka, yana ƙara kamar tsohon da ke gyaran murya, amma ɗakin Umma ya yi sanyi. Ruwan da yake ɗigowa ma ba ka bari ya tafi banza ba, ka ja tiyon zuwa tukunyar na'a-na'arta a bakin taga. Takan ce, "Allurata ta ɗinke mini zafi." Ta rasu tana sa maka albarka.

Masu gidaje sun san ka da abu biyu. Na farko, ba ka cewa gas ya ƙare in filta ce kawai ta yi datti, ko da Manaja yana taka maka ƙafa. Na biyu, abin da ka tsinta a bututu na mai gida ne. Ƙwallon yara, cokali, maɓallin riga, har ɗan kunnen zinari ɗaya da wata tsohuwa ta sallami mai aikinta a kansa shekarun baya. Ka miƙa mata, ka ce, "Mama, ga shi, sai a nemo baiwar Allah a ba ta haƙuri." Ka gaya mini tsohuwar ta zauna a kujera tana jujjuya shi a hannu.

Akwai kuma abin da ka sani wanda ba ka taɓa bayarwa ba. Bututun iska yana kai murya. In an cire ragogi, wanda ke magana a falo kamar a kunnen na ɗakin ƙurya yake yi. Ka ce wannan shi ne darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shigo aikin: in raga a cire take, ka kama bakinka. Kai da ke kwance a ciki kuwa, gidan duka a kunnenka yake. Ka ji faɗan miji da mata, ka ji wayar da ake rage murya a yi, ka ji kukan da ake rufe ƙofa a yi. Na sha lallaɓa ka. "Haba Allura, ko ɗan kaɗan, gidan wancan mai baƙar motar." Sai ka yi dariya ka ce, "Yaya, wannan kunnen na aiki ne, a shago nake barin sa." Ka tafi da asirin mutane da yawa. Allah Ya rufa naka kamar yadda ka rufa nasu.

Tarin ya fara kamar wasa. Kana dawowa gida, ka fyace hanci, baƙi. Ka tofar, baƙi. 'Ya'yanka suna cewa Baba ya ci gawayi. Takunkumin da ake ba ku a wurin aiki na takarda ne, guda ɗaya mutum ya yi sati da shi, in ya yage a ɗaura hankici. Daga tari sai haki, daga haki sai ranar da ka kasa hawa matakalar gidanku, ka zauna a tsakiya kana yi wa matarka murmushi don kada ta tsorata. Matarka, wadda har yau muke kira Amarya ko da babbar 'yarta ta kusa kamo ta a tsawo, ba ta saurari murmushin ba. Ta kira ni, muka kai ka asibiti.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjinka a gaban fitila. Ya ce huhun ya yi tabo, tabon ba ya gogewa, abin da ya rage a lallaɓa shi. Ya ce ƙura da fumfuna sun gama da kai, in ka ƙara shiga irin wurin nan sau ɗaya, kada a kawo masa kai a ce ba a faɗa ba. Na koma ɗakin karatu na ɗauko duk abin da aka rubuta a kan huhu na karanta, ina neman inda likitan ya yi kuskure. Bai yi ba.

A bakin gadon nan Amarya ta kama hannunka. Mace ce mai sanyin magana, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Baban yara, ban taɓa roƙon ka komai ba. In ka ƙara shiga bututu da ƙafarka, ban yafe ba." Ka ce, "Na ji. Wallahi na bari." Ina tsaye, na ji da kunnena. Da muka fito baranda ne Manaja ya tare ni da alkawarinsa.

Shekarar da ta biyo baya mun ɗauka mun tsira. Kana zaune a gaban mota kana amsa waya, kana duba rimot, kana koya wa matan gida wanke filta. Katin asibitin wurin aiki yana karɓo maka maganin shaƙa duk wata, maganin da in babu shi ba ka iya kaiwa bakin titi. Sai dai cutar ba ta daina cin ka ba. Kai da dama babu nama, ka ƙara zubewa, agogonka yana sauka har tafin hannu. Mu muna kallon ramar muna kuka a ɓoye. Ashe akwai mai kallon ta yana awo.

Ranar da abin ya faru waya aka yi mana, an ce ka faɗi a cikin mota. Kafin mu isa an sa maka tiyo. Daga nan har ka cika ba ka ƙara furta kalma ba. Idonka yana bin Amarya duk inda ta yi a ɗakin, leɓenka yana motsi a jikin roba, tana sunkuyowa tana cewa, "Me ka ce? Me kake so?" Babu abin da ya fito. A gashin kanka da bayan kunnenka akwai ƙurar nan mai toka-toka da ta sani sarai. Ta goge ta da gefen mayafinta.

Yanzu na dawo kanka, Manaja.

Kai ba baƙo ba ne. Tare kuka tashi da ƙanena, a kwano ɗaya Umma ta zuba muku, ni na sha wanke maka rigar makaranta. Da ka buɗe kamfani ka sa taye, muka ce Allah Ya ƙara. Ka zo zaman makoki da farar riga da jan ido. Ka nemi a shigar da kai wurin Amarya, ka durƙusa a bakin ƙofa, mata cike da ɗaki, ka ce: "Wallahi na hana shi. Shi ya matsa. Ya ce zaman mota ya ishe shi, jikinsa yana ƙaiƙayin aiki. Har cewa ya yi kada a gaya wa Amarya, ba za ta sani ba."

Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Hawayenta suka tsaya cak. Da aka zo ana cewa duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, kowa ya ce ya yafe, aka juya gare ta. Ta sunkuyar da kai. Gwaggonmu ta taɓa ta, "Amarya, ki ce wani abu mana." Ba ta ce ba. Har yau da nake wannan rubutu ba ta ce ba. Tana salla, tana kula da yara, tana amsa gaisuwa. In aka ambaci sunan mijinta sai ta tashi ta shiga kicin. Ba ta kushe shi ba, ba ta zage shi ba, tana dai zaune da tunanin mutumin da ta yarda ya rantse mata da Allah sannan ya zagaya ta baya yana mata dariya. Wannan shi ne aikinka na biyu, kuma ya fi na farko muni. Ka tura shi ya mutu, ka dawo ka raba shi da yafiyar matarsa.

Ka yi lissafin cewa mai tiyo a maƙogwaro ba ya ba da shaida. Lissafin ya yi daidai. Abin da ka manta shi ne darasin farko na sana'arka.

Bayan an watse, wata dattijuwa ta zo gidana da sanda, direbanta yana riƙe da ita. Ita ce Hajiya mai gidan da kuka yi aiki ranar. Ta ce ta tambayi ina siririn nan mai ladabi, aka ce mata ya rasu, aka kuma gaya mata abin da kake faɗa a gari. Ta ce ba ta iya barci da shi ba. Wari ne ya dame ta a gida, ta kira ku. Kuka cire ragar ɗakinta, kuka cire ta barandar ciki, kuka fesa turaren kamfani a bututun har ya cika, warin bai tafi ba. Tana zaune a bakin gadonta tana ninke kaya, kai kana tsaye a baranda, daidai ƙarƙashin bakin bututu a buɗe.

Ta ce, "'Yata, ban ga fuskar kowa ba, amma kamar a kan gadona suke magana." Ta ji ka ce, "Sauko daga motar nan, abu ya mutu a uwar bututu, kai kaɗai za ka kai wurin." Ta ji ƙanena ya ƙaraso barandar ya ce, "Manaja, ka san na yi wa matata rantsuwa. Ka san abin da likita ya ce." Ka ce, "Minti nawa ne? Dubi kafaɗunka, ai ciwon nan gyara ka ya yi, kamar an auna ka da bututun." Ya ce, "Don Allah ka rufa mini asiri, a fasa silin a ciro." Ka ce, "In fasa silin Hajiya saboda matarka?" Ya yi ta ba ka haƙuri, kana ƙara matsawa. Daga ƙarshe ka ce, "To ji nan. Katin asibitin da kake karɓar maganin shaƙa, sunan kamfanin wa ke jiki? Ba na ajiye mutum don amsa waya. Ko ka shiga, ko ka ajiye mini katina yanzu ka tafi gida matarka ta hura maka."

Sai ta ji ƙarar tsani. Sai ta ji ya ce, a hankali, kamar ba da kowa yake ba, "Allah Ka gani." Daga nan sai jan jiki a saman kanta, da tari, da tari, da tari.

Mushen ɓera ya fito da shi. A kan mushen ɓera, Manaja. A bututun da ka riga ka cika da feshi, da hankici a hanci. Hajiya ta yi kuka a falona, ta ce ta ɗauka faɗan ma'aikata ne irin na kullum, da ta san rai ake ciniki da ta buga sandarta ta ce a rushe silin duka.

Saura inji. Na je shagonka da kaina ranar da ka fita. Ga shi nan a bayan mota, ja, ƙato, da sunan kamfani a jiki da tiyo mai kaurin cinyata. Na ce wa direbanka ya tayar. Ya yi jim, ya tayar. Ƙara kamar jirgi zai tashi. Na ɗora tafin hannuna a bakin tiyon. Ko gashin hannuna bai motsa ba. Na sa gefen mayafina, ya faɗo ƙasa. Na dubi direban. Magidanci ne mai furfura, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Yaya, ƙara kawai gare shi." Na ce tun yaushe? Ya ce, "Haka aka sayo shi." Ya ce in kun je gida, a ƙofa ake ajiye shi a tayar don maƙwabta su ji, a ja tiyon a cusa a bakin bututu, a goge inda ido ke kaiwa, a fesa turare, a mayar da raga. Masu gida su shigo su ja numfashi su ce kai, an ji bambanci. Wato ranar da ka dafa ƙirji a asibiti, ka riga ka san abin da ka sayo.

Na kai wa Amarya duk wannan. Na zauna a gabanta na faɗa mata tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yaya, kin fi kowa son ƙaninki. Ko bango ne ya ce zai wanke shi za ki kawo mini bangon." Na ce ga Hajiya, zan kawo ta. Ta ce, "Baiwar Allah ba ta ga kowa ba, murya ta ji ta cikin kwano. Shi kuwa durƙusawa ya yi a gabana ya rantse. Wanda ya faɗa mini da bakinsa, shi zai janye da bakinsa." Ban yi fushi da ita ba. An rantse mata sau biyu, a asibiti da a zaman makoki, ɗaya daga ciki ta tashi ƙarya, ba ta san wacce ba. Wa zai ce ta yi saurin yarda da ta uku?

Ƙanena, ni na san ba da ƙafarka ka shiga ba. An sa maka numfashin gobe a hannu ɗaya, rantsuwarka a ɗaya, aka ce zaɓi, tsani yana jingine. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka yalwar da ba ka samu a wurin aikinka ba. Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya ɗakin Umma. Ya sa wahalar numfashin da ka sha ta zama kankarar zunubi. Ya haɗa ka da iyayenmu a Aljanna, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyya ga Amarya, ƙanwata, wadda ta riƙe shi da lafiya da ciwo ba ta taɓa ƙosawa ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya warware miki abin da aka ƙulla a zuciyarki. Ga 'ya'yansa biyu, Allah Ya raya ku, ku sani ubanku ba maƙaryaci ba ne. Ga gwaggonmu da sauran dangi, da abokan aikinsa da suka ɗauki makararsa suna kuka na gaskiya, da masu gidajen da suka zo gaisuwa ba mu san su ba, Allah Ya ba kowa lada. Ga Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Manaja, kai ban yi maka addu'a ba, ban kuma tsine maka ba tukuna. Abu ɗaya nake nema. Ba na son ka aiko da buhun abinci, ba na son ka aiko da dattawa. Ka zo da kanka gidan ƙanena, ka durƙusa a ƙofar da ka durƙusa, a gaban matan da suka ji ta farko, ka gaya wa Amarya cewa mijinta ya ƙi, ya roƙe ka, ya ambaci rantsuwarsa, kai ka tilasta shi da katin magani. Na ba ka zuwa Juma'a mai zuwa, kafin a kira magariba.

In magariba ta yi ban gan ka ba, Asabar da safe da mahaifiyarka zan fara. Zan gaishe ta da kyau, in zauna a ƙarƙashin esin da ƙanena yake wanke mata kyauta, in gaya mata abin da ɗanta ya ce game da kafaɗun abokinsa. Litinin ni da Hajiya muna ofishin ƙwadago, ta ce ko a kujera ne a ɗauke ta, kuma direbanka ya ce in aka rantsar da shi ba zai yi ƙarya ba. Daga nan na karɓi hutuna na shekara, kuma ka san ni da haƙurin zama. Duk ƙofar da motarka ta tsaya, zan tsaya a bayanta. Ba zan yi ihu ba. Zan yi sallama, in gaida masu gida, in roƙe su su ɗora hannu a bakin tiyon injinka, sannan in ce su aro tsani da tocila su leƙa abin da 'ya'yansu ke shaƙa. Zan yi ta yi har sai wayarka ta daina ƙara.

Zan iya duk wannan, kuma zan ji daɗin yin sa, ba na ɓoyewa. Amma ko na rufe maka shago, ba zai sa Amarya ta buɗe baki ta ce ta yafe wa mijinta ba. Wannan a bakinka yake, shi kaɗai ya sa na ba ka har Juma'a. Ka zo.